Badujala da Garmaho a Mararrabar Jirgi

A yau idan aka ce kiɗan zamani, abin da ke faɗo wa yaranmu a rai shi ne mutum guda a ɗan ɗaki da fiyano da kwamfuta, ya danna nan ganga ta fito, ya danna can sarewa ta fito. To, an yi lokacin da kiɗan zamani ke nufin mutum goma sha biyar ko fiye, sanye da kaya iri ɗaya, sun jeru sahu-sahu, kowa da ƙaho a baki da takarda a gabansa. Asalin wannan kiɗa na baƙar fatar Amurka ne, sunansa jaz. Amma ya ratso ta garin nan, kuma hanyar da ya biyo ita ce wadda ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu, wato layin dogo. Shi ya sa nake ganin labarinsa yana cikin tarihin unguwar nan, ko da kuwa iyayenmu ba su taɓa taka rawarsa ba.

Mu fara da garin. Turawa sun soma shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal. Daga nan aka miƙo shi arewa ta Makurɗi, ya ratsa ƙasar Fantswam, ya je ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna. A 1927 jirgi ya fara bin sa, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos don kwasar kuza. Gadar Makurɗi ba ta kammala ba sai 1932. Kafin nan da jirgin ruwa ake tsallakar da taragai a Binuwai. Wannan mararraba ita ta yi Kafanchan da muka sani. Reluwe ta kawo direbobi da makanikai da akawuna, yawancinsu Ibo da Yarbawa da mutanen bakin teku. Mu kuma muka biyo da fatauci da fawa da ɗinki da goro da karatun allo. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta ƙauro garin.

A daidai waɗannan shekaru ne, can a birnin Niyok, wasu mutum biyu, Fletcher Henderson da Don Redman, suke warware wata matsala. Jaz na farko, irin na birnin Niyu Olins, mutum shida ko bakwai ke yin sa, kowa yana busa abin da ya zo masa, kunne ne kawai ke haɗa su. Da gidajen rawa suka yi girma, ga shi lasifika ba ta wadata ba, dole aka ƙara yawan masu busa don sauti ya cika ɗaki. To, mutum goma sha biyu in kowa ya bi ransa, ai hayaniyar kasuwa za a samu. Sai aka raba su sahu uku. Akwai sahun ƙahonin tagulla, wato tirampet da tirombon, masu kaifin murya. Akwai sahun saksafon, masu taushi. Sannan ga masu riƙe taki a baya: mai ganga, mai fiyano, mai jita, da mai ƙaton gogen nan na tsaye da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Aka samu mutum guda ya zauna da alƙalami ya rubuta wa kowa nasa: nan saksafon za su yi tambaya, nan tagulla za su amsa, nan kowa zai yi ƙasa-ƙasa a bar mutum ɗaya ya miƙe tsaye ya busa abin da ke ransa na ɗan lokaci, sannan a taru a rufe.

Wannan rubutu shi ake kira tsari, kuma shi ne jarin ƙungiya. Karin waƙa ɗaya ne, kowa na iya ɗauka, amma yadda aka raba shi tsakanin sahun nan uku shi ke sa ka gane wannan ƙungiyar wane ce tun kafin a faɗa maka. Har sayar da shi ake yi. Benny Goodman, wanda farar fata ne, ya sayi tsare-tsaren Henderson, ya ɗauki “King Porter Stomp” a faifai a 1935, aka naɗa masa sarautar kiɗan, a Janairun 1938 ya shiga da ƙungiyarsa babban zauren Carnegie. Henderson kuwa, mai alƙalamin, bai samu ko kusa da wannan suna da kuɗi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba kowa ne ke dogara da takarda ba. Mutanen Count Basie da suka taso daga birnin Kansas a ka suke haɗa da yawa daga cikin nasu: wani ya kawo ɗan guntun kari, sahunsa ya ɗauka, wani sahun ya nemo amsa, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Haka aka gina “One O'Clock Jump” da suka ɗauka a 1937. Shi kuwa Duke Ellington, wanda a ganina ya fi su duka, mutum yake rubuta wa, kamar yadda tela ke auna mai riga kafin ya sa almakashi. Ya san muryar saksafon ɗin Johnny Hodges dabam take da ta Harry Carney, sai ya yanka wa kowa daidai da shi. Carney ya shiga ƙungiyar a 1927, bai fita ba har Ellington ya rasu a 1974. Shekara 47 ke nan a kujera ɗaya.

Sai maganar faifai, don ta nan ne kiɗan ya iso mana. Faifan garmaho yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, faɗinsa inci 10, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Saboda haka mai tsari kamar telan da aka ba ƙyalle ƙaranci ne aka ce ya fitar da riga da wando da hula. Buɗewa, kari, masu miƙewa biyu ko uku, rufewa, duk a cikin minti uku. Kuma babu gyara: kai-tsaye ake yanka sautin a kan kakin faifai, in mai tirombon ya yi tuntuɓe a daƙiƙar ƙarshe sai a koma farko gaba ɗaya. Wannan matsi shi ya sa faya-fayan wancan zamani ba su da kitse. Wanda ya saba da mawaƙanmu na fada, da za su riƙe waƙa ɗaya rabin awa suna juya ta, zai ji abin ya ƙare da wuri. Amma ka sake sa shi sau biyu sau uku, za ka ga ba a bar kome a baya ba.

Abin da ya kamata ya ba ɗan Kafanchan sha'awa shi ne yadda waɗannan mutane suka ƙaunaci jirgin ƙasa. A jirgi suke yawo daga gari zuwa gari, kuma ya shiga kunnensu. A Disambar 1933, shekarar da fada ta ƙauro nan, Ellington ya ɗauki “Daybreak Express”. Ƙahoni ne kawai da masu riƙe taki, amma za ka ji kan jirgi yana numfashi a tasha, ya fara jan taragai da ƙyar, ya ɗauki gudu, ya yi kuka a kwana, daga ƙarshe ya ja birki. Duk wanda ya girma yana jin jirgin kwal yana tashi daga Loko da asuba ba sai an fassara masa ba. A 1941 aka samu wasu biyu: “Take the 'A' Train” na Billy Strayhorn, wanda ya zama taken ƙungiyar Ellington, kan jirgin ƙarƙashin ƙasa mai zuwa unguwar Halem, da “Chattanooga Choo Choo” na ƙungiyar Glenn Miller, wanda ya sayar da faifai fiye da miliyan ɗaya har kamfanin ya ba shi faifan zinariya a 1942.

To yaya abin ya tsallako teku? Ƙahonin dai sun riga jaz zuwa. Sojan mulkin mallaka da 'yan sanda suna da 'yan badujala tun farkon ƙarnin, kuma da yake Hausa ce harshen bariki, akwai 'yan Arewa a cikinsu. Makarantun mishan ma sun koya wa yara busa da karanta rubutun kiɗa. Sai yaƙin Hitila ya zo. Jiragen saman yaƙi suna tashi daga Takoradi su sauka Legas da Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Masar, sojojin Ingila da Amurka suka cika waɗannan garuruwa da faya-fayansu. Namu kuma, na runduna ta 81 da ta 82, aka kwashe su zuwa Bama. A Akra wani matashi mai suna E. T. Mensah ya shiga ƙungiyar wani sajan ɗan Sikotlan, Jack Leopard, ya koyi yadda ake jera saksafon da tirampet. Bayan yaƙi ya jagoranci ƙungiyar Tempos, ya ɗauki wannan tsari ya ɗora shi a kan takin gida da na Kiyuba, ya fara yi wa kamfanin Decca faifai a 1952. Kiɗan hailaif na gidajen rawa ke nan.

A Legas Bobby Benson ne ya buɗe hanya. Ya dawo daga Ingila a 1947, ya kafa ƙungiyar da ta fara da busa jaz da kiɗan rawar Turawa tsantsa, sai zuwan Mensah Legas a farkon shekarun 1950 ya nuna wa kowa cewa kuɗin yana wajen hailaif. “Taxi Driver” na Benson ya zaga ƙasar nan kaf. A hannunsa Victor Olaiya ya goge kafin ya kafa tasa ƙungiyar, Cool Cats, a 1954, wadda ta yi busa a bikin 'yancin kai na 1960. Daga gabas kuma ga Rex Lawson da Celestine Ukwu. Yawancin ƙungiyoyin nan ba su kai na Amurka yawa ba, mutum takwas ne zuwa goma sha biyu, don ciyar da mutum goma sha bakwai ba wasa ba ne. Amma ginin ɗaya ne: sahu ya kira, sahu ya amsa, mutum ɗaya ya miƙe. Kuma rafin bai tsaya yana gangarowa ta gefe ɗaya ba. Randy Weston, mai fiyano ɗan Amurka, ya zo Najeriya a 1961, ya koma ya fitar da faifai a 1963 wanda a ciki ya busa “Niger Mambo” na Benson. Mace ce ta rubuta masa tsarin, Melba Liston, ita ma gwanar tirombon.

Mu dawo gida. Ma'aikacin Reluwe yana da abin da manomi da ɗan kasuwa ba su da shi a wancan lokaci: albashi a ƙarshen kowane wata. Garmaho na wanawa da hannu, da keke, da agogo, su ne alamar akawu ya zauna da gindinsa. Faya-fayan HMV da Decca da Philips ta jirgi suke hawowa daga Legas da Fatakwal. Jos, saboda kuɗin kuza, ta zama garin otal-otal da gidajen rawa, Kaduna kuma hedkwata. Duba taswira ka gani: duk ƙungiyar da ta hau jirgi da akwatunan ƙahoninta daga Fatakwal ko Inugu za ta Jos ko Kaduna, ba ta da wata hanya sai tasharmu.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, wannan ba kiɗan zaurenmu ba ne. Inda ake yin sa akwai giya, akwai rawar mace da namiji rungume da juna, malamanmu kuwa ba su taɓa sassauta magana a kan haka ba. Dattijon unguwa kiɗan 'yan boko yake ce masa, ko kiɗan otal. Namu su ne kalangun Mamman Shata da kotson Narambaɗa da kuntigin Ɗan Maraya Jos, kuma da silima ta kawo finafinan Indiya, su suka tafi da zuciyar matasanmu fiye da yadda jaz ya taɓa yi. Sai dai sauti ba ya sanin katanga. Garin ƙarami ne, kwatas ɗin Reluwe da kasuwa da unguwa duk kusa suke. Mahaucin da ke kai nama kwatas ya ji, telan da ke ɗinka wa akawu kwat ya ji, yaron da ke tallar rake a tasha ya ji. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai ya zama akwati ɗaya ke fitar da Shata da Rex Lawson a yini guda.

Kuma ina ganin kunnen Bahaushe bai sha wahalar gane ginin ba. Mene ne sahun saksafon yana kira tagulla na amsawa in ba waƙa da amshi ba? Je ka ƙofar fada ranar sallah ka saurari yadda kakaki ke yanka dogon sauti, algaita na zagayawa a samansa, ganguna na riƙe da taki, kowa ya san inda zai shiga da inda zai ja baya, ba takarda ko ɗaya. Irin tsarin Basie ke nan, na ka. Maƙwabtanmu na Kagoro da kewaye ma suna da busar ƙahon dabba ta taro, wadda ake fitowa da ita a bukukuwa irin su Afan na ranar 1 ga Janairu, mutum da yawa suna haɗa kari ɗaya. Da mishan ta kawo ƙahon tagulla, hannun da ya saba ya tarar, shi ya sa har gobe badujalar coci da ta makaranta take da ƙarfi a kudancin Kaduna.

A Oktoban 1960, 'yan makonni bayan samun 'yanci, Louis Armstrong ya zo Najeriya. Akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, wanda ke yawo a intanet yanzu. Da ƙaramar ƙungiya ya zo, amma shi ɗin ne saurayin da ya zauna a sahun Fletcher Henderson a 1924 ya koya wa babbar ƙungiya yadda ake lilo da taki. Wato Firimiyan Jihar Arewa da kansa ya karɓi mai busa ƙaho a matsayin babban baƙo. Masu cewa Arewa ba ta taɓa sanin wannan kiɗa ba su nemi hoton.

Wanda ya sa babbar ƙungiya ta yi magana da Hausa sosai shi ne Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928, ɗan wani limamin coci ne daga Zariya, ya yi karatu a Legas inda ya goge da masu hailaif. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi aka ɗora wa aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Daga baya ya tara matasa a Kaduna ya kafa Great Music Pirameeds of Africa, ƙungiyar da ta haura mutum ashirin, da cikakkun sahun ƙahoni kamar yadda Henderson ya tsara, amma waƙar da Hausa. Wanda ya kalli talabijin a shekarun 1980 ya san shirinsa na NTA, kuma ba na jin akwai gida a unguwar nan mai dattijo a ciki da ba a san “Ikon Allah” ba. Ku lura da abin da ya faru: waƙar ɗan limamin coci, da kayan busar Turawa, da tsarin baƙar fatar Amurka, ta shiga bakin Musulmi da Kirista ba wanda ya tsaya tambayar ta wane ce. Ya rasu a 2003. A Jos ma an yi Sahara All Stars da suka fitar da faifai a shekarun 1970, amma Bala Miller ne ya kai abin ƙololuwa, kuma bayansa ba a sake tara irin wannan sahu a Arewa da sunan waƙar Hausa ya yi irin wannan tashe ba.

Abin da ya kashe ta ba boyayye ba ne, ciki ne. A Amurka ma tun ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi suka yi ta watsewa don ba a iya biyan albashi. A nan, rikicin 1966 ya kwashe ma'aikatan Reluwe 'yan gabas daga Kafanchan da sauran garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, masu sayen faifan da masu busa da yawa suka tafi tare, yaƙi ya biyo baya har 1970. Rex Lawson ya rasu a haɗarin mota a 1971. Kaset ya zo, kowa ya kwafa kyauta. Daga 1986 naira ta faɗi, saksafon ɗaya ya koma kuɗin da ƙaramin mawaƙi ba zai iya ba. Jirgin da kansa ya yi ta ja da baya har tasha ta yi tsit. Sai fiyano mai kwaikwayon kowace murya ta iso Kano tare da finafinan bidiyo, mutum ɗaya ya maye gurbin ashirin. Ba na zagin yaran situdiyo, sana'arsu suke yi kuma suna ci da ita. Amma ƙahon da ke fita daga fiyano ba shi da numfashi, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban tirampet huɗu suna busa lokaci ɗaya ya san bambancin a ƙirjinsa.

Abin da ya saura shi ne faya-fayan, su ma suna ƙarewa. Gobarar rikicin 1987 da ta 2011 ta ci gidaje da shaguna a garin nan, ta ci har da abin da ke cikin akwatunan kakanni, hotuna da takardu da faifai. Waɗanda suka tsira yara sun yi wasan mota da wasu, wasu an rufe tulu da su. In akwai sauran a ɗakin tsohuwa ko ƙarƙashin gadon marigayi, na Olaiya ne ko na Shata ko na wata ƙungiyar da ba ku san sunanta ba, ga abin da ya kamata a sani. Faifan 78 da wani irin ƙaro ake yin sa, yana fashewa kamar tangaran, saboda haka a tsaye ake jera shi, ba a kwance a ɗora masa kaya ba, kuma nesa da rana da zafin kwano. Kada a goge shi da sifirit ko turare, narkar da shi suke yi. Ƙyalle mai laushi busasshe ya isa. Kada a sa masa tsohuwar allurar ƙarfe don a gwada ko yana yi, domin ita allurar garmaho fuska ɗaya ko biyu ake yi da ita a canza, wadda ta dakushe kuwa cinye layin take yi. Faifan roba mai juyi 33 ko 45, irin na zamanin Bala Miller, ba a ɗora shi a garmahon wanawa sam, nauyin hannun zai huda shi. Kafin kome, a ɗauki hoton takardar da ke tsakiyar faifan da waya, gaba da baya, yadda sunan ƙungiya da na kamfani da lambar za su fito sarai, don da wannan lamba ce masu bincike ke gano shekarar da aka yi shi.